Waya a Hannun Ɗalibi: Gaskiya ko Jita-jita?

Tun da layukan wayar salula suka shigo Nijeriya a shekarar 2001, waya ta ratsa kasuwa da gona da tasha da tsakar gida, kuma ba a daɗe ba ta iso ƙofar aji. A nan ne bakinmu ya rabu. Wasunmu na ganin ita ce ta lalata karatun yara, wasu kuma na ganin ita ce za ta ceto shi. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani da idonsa, saboda haka ba mu ɗauki kowa maƙaryaci ba. Sai dai masana sun daɗe suna gwada waɗannan na'urori a makarantu na ainihi, da ɗalibai na ainihi, har da ƙauyukan Hausawa na Jamhuriyar Nijar. Abin da suka gano ya cancanci mu aza shi kusa da abin da muka saba faɗa.

Waya da karatu ba sa haɗuwa

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa a bakin iyaye, kuma tana da tushe. Uba ya dawo gida da dare ya tarar da ɗansa ya tasa waya a gaba yana kallon ƙwallo, littafinsa na nan rufe a gefe. Gobe sakamakon jarrabawa ya fito da rauni. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma da wuya a ce wa wannan uba bai ga abin da ya gani ba. Matsalar ita ce irin wannan amfani da waya shi ne ke faruwa a bainar jama'a. Wanda ke sauraron darasin lissafi da abin sauraro a kunne ba ya ɗaukar hankalin kowa.

Gwajin da ya fi kusa da mu an yi shi ne a jihohin Dosso da Damagaram na Nijar a shekarun 2009 da 2010. Ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services tana gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, maza da mata, cikin Hausa da Zabarmanci. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da ke Amurka suka bibiyi ƙauyuka 113. Darasi ɗaya ne a ko'ina, malamai iri ɗaya, littattafai iri ɗaya. Amma a kusan rabin ƙauyukan, waɗanda aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, an ƙara abu guda: an koya wa ɗalibai yadda ake kunna ƙaramar waya mai madannai, da gane haruffa da lambobin da ke jikinta, da rubuta gajeren saƙo. Ba kowa aka bai wa waya ba, mutum biyar ne ke tarayya a kan guda ɗaya. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da aka shigar da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan rufe aji bambancin bai gushe ba.

Dalilin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san ƙauye. Babban ciwon yaƙi da jahilci shi ne mantuwa. Dattijo ya koyi haruffa, aji ya tashi, ya koma gida inda babu jarida, babu littafi, babu wanda zai rubuta wa wasiƙa, sai abin da ya koya ya riƙa zubewa. Waya ta ba shi dalilin yin rubutu kullum: tambayar farashin gero a kasuwar gaba, ko gaida ɗa da ya tafi cin rani. A wancan lokaci saƙo ya fi kira araha, don haka iya rubutu ya zama tanadin kuɗi. Mu lura da cewa akwai malami, akwai aji, akwai tsarin darasi. Waya ta shigo ne ta ƙarfafa abin da ake riga ana koyarwa.

Sai da babbar waya da data ake karatu da waya

Tallace-tallace ne suka dasa mana wannan. Duk hoton da za mu gani na karatu ta waya, yaro ne riƙe da na'ura mai sheƙi yana shafa fuskarta. Sai mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka ba da shi ake ba.

Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, wata ƙungiya a ƙasar Botswana mai suna Young 1ove ta yi gwaji da gidaje kimanin 4,500 masu 'ya'ya a firamare. Wasu gidajen an riƙa aika musu da tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo kowane mako. Wasu kuma, bayan saƙon, sai mai koyarwa ya kira wayar gidan na minti 15 zuwa 20, a buɗe murya, uwa ko uba da yaro su saurara tare a warware tambayoyin. A gidajen da aka haɗa saƙo da kira, yawan yaran da ba su iya ko ɗaya daga cikin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba ya ragu da kusan kashi 31 cikin 100. Saƙo shi kaɗai bai haifar da canji mai ɗorewa ba. Muryar mutum ce ta yi aikin. Daga baya an maimaita tsarin a Indiya da Kenya da Nepal da Filifin da Yuganda, aka sake ganin amfani. A Saliyo kuwa an gwada kiran koyarwa ba a ga ƙarin ilimi ba, wanda ke nuna cewa yadda aka tsara kiran da abin da ake faɗa a cikinsa su ne ke yanke hukunci.

Mu kanmu mun san wannan hanya tun kafin masana su rubuta ta. Shekara nawa mutanenmu suka yi suna kai memori wurin masu tura karatu a kasuwa, a cika musu shi da tafsiri da darussan fiƙihu da ƙira'a, su riƙa saurara a shago ko a gona ba tare da ko sisin data ba? Abin da bai yawaita ba shi ne a yi wa lissafi da kimiyya da Turanci irin wannan hidima cikin Hausa mai kyau.

Da zarar an raba wa ɗalibai kwamfutocin hannu, karatu zai gyaru

A ganinmu wannan ya fi na farko haɗari, domin shi ne ke cin kuɗin jama'a. Wanda ya ce waya ɓarna ce iyakarsa ya ƙwace ta ɗansa. Wanda ya ce na'ura ce magani yana iya karkatar da kasafin da ya kamata ya gina aji ko ya horar da malami.

A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT a Amurka ya ƙaddamar da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ƙaramar kwamfuta mai araha, wadda aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala ɗari. Duniya ta yi ta tafi. Mu ma a nan an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken makarantun karkara 319 a can. Bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar, kuma an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe, darussan da aka yi hidimar dominsu, ba a ga wani ƙari ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, manhajojin da ke ciki ba a ɗaure su da darasin da ake yi a aji ba, kuma malamai ba su samu horon da zai sa su san inda za su shigar da na'urar cikin koyarwarsu ba.

Kada mu ce talauci ne ya jawo. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles ta fara shirin bai wa kowane ɗalibi iPad, shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan ɗalibai suka gano yadda za su cire makullin da aka sa, suka shiga shafukan da suke so. Darussan da aka saya tare da na'urorin ba su kammala ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar.

Me ya sa, duk da haka, maganar ba ta mutu ba? Saboda rabon na'ura abu ne da ake iya ɗaukar hotonsa. Akwai rumfa, akwai manyan baƙi, akwai yara a jere suna ɗaga kyautarsu sama. Horar da malami na wata shida ba shi da hoto. Gyaran cajar da ta lalace, da sayen batirin da ya mutu bayan shekara biyu, da samar da wutar da za a yi caji a makarantar da ko fanka ba ta juyawa, duk ba sa shiga labarai. Masu sayarwa kuma suna da dalilin kambama abin da suke sayarwa. Hukumar UNESCO, a rahotonta na 2023 kan fasaha a harkar ilimi, ta yi nuni da cewa ingantacciyar hujja mai zaman kanta kan amfanin waɗannan kayayyaki ba ta da yawa, kuma da dama daga abin da ake kafa hujja da shi daga wurin kamfanonin ne yake fitowa. Iyaye ma suna son maganar ta zama gaskiya, domin wanda ya gaji da ganin ɗansa a aji mai ɗalibi ɗari yana maraba da duk gajeriyar hanya.

Duk lokacin da aka zo mana da irin wannan shiri, tambayoyin da suka dace su ne: me aka zuba a ciki, cikin wane harshe, wa zai koyar da shi, a wane lokaci na rana, kuma wa zai gyara idan ta lalace?

Nan gaba kaɗan waya za ta maye gurbin malami

Malamai na faɗin wannan cikin fargaba, 'yan kasuwar fasaha na faɗinsa cikin alfahari. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke koyarwa da kansu. Wata ƙungiya ta Birtaniya mai suna onebillion ta ƙirƙiro manhajar koyon karatu da lissafi a kwamfutar hannu, cikin harshen Chichewa, kuma binciken Jami'ar Nottingham a Malawi ya nuna yaran da suka yi amfani da ita sun ci gaba a lissafi. A 2019 manhajar ta raba kyautar gasar manhajojin koyarwa ta XPRIZE da manhajar Kitkit School, bayan gwajin wata 15 a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya. Amma idan muka duba da kyau, a Malawi cikin makaranta ake zaman, na ɗan lokaci ƙayyadadde, da malami a tsaye yana kula. A Tanzaniya ma sai da aka naɗa mutane a kowane ƙauye masu kula da caji da tabbatar da na'urorin na isa hannun yara. Kuma abin da aka koyar tushen karatu ne, haruffa da ƙidaya, cikin harshen da yaran ke ji.

Mu da muka gaji makarantar allo bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Allo da tawada ba su taɓa biya wa yaro karatu ba, malam ne ke biyawa, ya saurara, ya gyara. Manhaja na iya maimaita darasi sau ɗari ba ta gaji ba, wannan falala ce babba. Amma ba ta san cewa yarinyar nan ta zo aji ba ta karya kumallo ba, ko cewa yaron can ya yi shiru ne don kunyar tambaya. Shi ya sa wasu shirye-shiryen suka juya akalar: jihar Edo, a shirinta na EdoBEST da ta fara a 2018, malamai ta bai wa kwamfutocin hannu masu ɗauke da tsararren darasin kowace rana.

Yaran yanzu da sanin waya aka haife su

Uwa ta kasa gano inda saƙo ya shige, ɗanta mai shekara takwas ya karɓa ya nemo mata cikin ƙiftawar ido. Daga nan sai mu yanke cewa yaro ba ya bukatar a koya masa komai game da na'ura. Amma saurin yatsa daban, sanin abin da za a yarda da shi daban. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada dubban ɗalibai a Amurka, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare ba su bambance tallan da aka biya kuɗi aka saka da labari na gaskiya ba. A gwajin ƙasa da ƙasa na ICILS na 2018, kashi 2 cikin 100 kacal na ɗalibai 'yan kimanin shekara 14 ne suka kai matakin ƙoli na iya nemowa da tace bayanai a kwamfuta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma malamai da yawa sun ga ɗalibin da ya ƙware a WhatsApp ya zauna gaban kwamfuta hannunsa na rawa. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, da ya fito a ƙarshen 2022, waɗanda ke ba da amsa cikin tsararren harshe ko da amsar kuskure ce, har su ƙirƙiri sunan littafin da babu shi. Ɗalibin da ba a koya wa tambayar wa ya faɗa, kuma ina hujjarsa ba, zai kwafe ya miƙa wa malami da zuciya ɗaya.

Ɗalibi na iya bin darasi yana duba saƙonninsa

Ɗalibai ne suka fi riƙe wannan, musamman na manyan makarantu, kuma da gaske suke jin suna iyawa. Ƙwaƙwalwa ba ta yin aikin tunani biyu a lokaci guda, tsalle take yi tsakaninsu, kuma kowane tsalle yana zubar da wani abu. Wani gwaji da aka buga a 2013 daga Kanada ya nuna ɗaliban da ke buɗe wasu shafuka lokacin lacca sun samu ƙarancin maki, haka ma waɗanda ke zaune inda suke hango fuskar kwamfutarsu. Mai yin abin ba ya jin asarar a lokacin, domin ba ya sanin abin da ya wuce shi.

Turawan da suka ƙera waya ma sun haramta wa 'ya'yansu

Wannan na yawo sosai a saƙonnin da ake turawa, kuma rabinsa gaskiya ne. A 2018 Faransa ta kafa dokar hana ɗalibai amfani da wayarsu a makarantun renon yara da firamare da ƙaramar sakandare. Holan ta bi sahu a azuzuwan sakandare daga Janairun 2024. Wani bincike na 2015 daga Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, a makarantun birane huɗu na Ingila, ya gano sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan hana waya, kuma ɗalibai masu rauni ne suka fi amfana. Da aka maimaita irinsa a Suwidin ba a ga bambanci ba.

Rabin da saƙon ke yankewa shi ne, abin da aka hana wayar ɗalibi ce ta kansa da ke aljihunsa tana ƙara lokacin darasi. Dokar Faransa ta bar ƙofa ga amfanin koyarwa idan makaranta ta tsara, da kuma ɗalibai masu bukata ta musamman. Haka tsarin Holan. Saboda haka shugaban makarantar da ya ce a ajiye waya a ofis har a tashi yana da hujja mai ƙarfi, kuma muna goyon bayansa. Amma hujjar ba ta kai ga cewa malamin kimiyya ba zai nuna wa ajinsa bidiyon yadda zuciya ke bugawa ba, a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Gajeren saƙo ya fi saurin yaɗuwa idan babu togaciya a cikinsa, shi ya sa togaciyar ce ke fara faɗuwa a hanya.

Waya ta kashe karatun littafi

A inda littafi ke da yawa, wataƙila akwai abin kuka. A wurinmu tambayar ita ce, littafi nawa ne a gidan tun farko? A 2014 UNESCO ta fitar da binciken masu karatu a waya fiye da 4,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya da Gana. Mafi yawansu sun ce karatunsu ƙaruwa ya yi, mata sun fi maza daɗewa suna karantawa, kuma kusan ɗaya cikin uku na karanta wa yara labari daga wayar. Duk wanda ya san yadda marubutan Hausa, galibinsu mata, ke sakin littattafansu shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da yadda masu karatu ke jiran ci gaba, ya san karatu bai mutu ba.

Sai dai takarda tana da fifikonta. A 2018 masana suka tattara bincike 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000, suka ga an fi fahimtar rubutun bayani, irin na littafin makaranta, idan a takarda aka karanta, musamman idan lokaci ya ƙure. A labari kuwa ba a ga bambanci ba. Wato ɗalibin da zai yi nazarin babi mai nauyi gara ya samu bugagge idan da hali, ko aƙalla ya riƙa fitar da bayani da biro a littafinsa. Abin da ya fi damun mu a rubutun waya shi ne watsi da ƙa'idar rubutun Hausa, ana haɗe kalmomi ana zubar da haruffa masu lanƙwasa, alhali madannan Hausa irin na Gboard kyauta ne, kuma malamin Hausa zai iya nuna wa aji yadda ake sa su cikin minti biyar.

Hasken waya na makantar da yara

Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta bayyana cewa babu hujjar da ke nuna hasken fuskar waya na lalata ido. Abin da ke faruwa gajiya ce: mai kallon waya yana rage ƙifta ido, sai ido ya bushe, ya yi zafi, kai ya yi ciwo, iyaye kuma su tsorata. Shawarar likitoci ita ce bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Akwai damuwa ta gaske game da raunin hangen nesa, wanda ake dangantawa da yawan kallon abu na kusa, waya ce ko littafi, tare da ƙarancin fita waje cikin hasken rana. Akwai kuma barci, wanda waya a kan gado ke cinyewa, ɗalibi ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Ga ƙananan yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida a 2019: kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.